Wuta Bisa Lebul

A layinmu na Malali ba a tambayar mutum sunan ubansa, lebul ɗinsa ake tambaya. Gidajen tsofaffin ma'aikatan gwamnati ne, waɗanda aka sayar wa mazaunansu shekarun baya, manyan a kan tudu ta bakin titi, ƙananan suna gangarowa har bakin kwata. Kowa ya yi ritaya, wasu har haƙoransu sun bi su, amma har yau in aka tayar da salla a masallacin layi an san wa ke tsayawa bayan liman. A wurin walima ba mai sa hannu a faranti sai Alhaji Abdulmalik ya sa, domin shi ne ya sauka yana babban sakatare, lebul sha bakwai. Yallaɓai ake ce masa. Ni Safara'u ina da sunan da nake kiransa a zuciyata, ba na faɗa a gaban yara ba ne.

Gidanmu ne na ƙarshe a gangare. Maigidana Malam Sanda ya gama aiki yana mai kula da sito, lebul tara, kuma bai taɓa jin kunyar haka ba. Ni na yi aikin duba makarantu har na sauka a lebul sha shida. Shi ya fi kowa alfahari da hakan. In baƙi sun zo sai ya ce, "Ku gaishe da ogata tukuna."

Da huhunsa ya gaza, likita ya ɗora shi a kan injin iska, wani akwati mai tayoyi da ke zuƙar iskar ɗaki ya tace ta, ya tura masa ta siririyar roba a hanci. In akwai wuta Sanda mutum ne. Ya yi hira, ya tsokane ni, ya yi musu da rediyo. In wuta ta ɗauke kuwa, kafin a tayar da janareta leɓɓansa sun fara baƙi. Saboda haka ni maganar lantarki ba hirar shayi ba ce a wurina.

A wurin Yallaɓai hirar shayi ce, kuma ya iya ta. Tun da ya bar ofis ya rasa wanda zai yi wa jawabi, sai Allah ya haɗa shi da wani kamfani da ke neman unguwar gwaji. Daga nan muka shiga uku. Ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya sako zancen. Wai mita mai wayo da layin wuta mai wayo duk sun zama tsohon yayi, duniya ta wuce nan. Yanzu kowane gida tashar wuta ne. Rufinka ya sha rana, ya zuba a rumbu ɗaya da na maƙwabta, gidaje su riƙa magana da juna, na'ura ta raba wa kowa ba tare da hannun ɗan Adam ba. Har motoci ma, in ji shi, za su riƙa mayar wa gari wuta da yamma. Mutumin da bai taɓa canja ƙwan fitila da hannunsa ba.

Gaskiya dai aikin ya yi kyau a ido. Aka shimfiɗa farantan sola a kan kowane rufi, aka ajiye wani ƙaton batir a cikin kwantena a bakin layi, aka shafa mata koren fenti. Injiniyar da ta jagoranci aikin, Aziza, mace ce mai natsuwa, ba ta da yawan magana. Ita ta tara kwamitin layi a falon Yallaɓai. Na je a madadin Sanda, ni kaɗai mace in ban da ita, an ba ni kujerar roba a bakin ƙofa.

Ta ce, "Abu ɗaya na'urar ba za ta yanke da kanta ba. In rana ta yi ƙaranci, wutar gari ma babu, batir ya yi ƙasa, dole ta fara sauke gidaje ɗaya bayan ɗaya. Ku za ku gaya mata wa za ta fara saukewa, wa za ta bari har ƙarshe. Ni shawarata a fara duba gidan da ke da mara lafiya."

Alhaji Ismail, tsohon darakta, wanda ke bi wa Yallaɓai a komai har da tari, ya yi dariya. "Injiniya, ba ki san mutanenmu ba. In kika ce mara lafiya, gobe kowa ya kwanta."

Duk suka yi dariya, bayan Yallaɓai ya fara.

Yallaɓai ya gyara babbar riga, ya ce ai wannan ba sabuwar matsala ba ce, gwamnati ta warware ta tun kafin a haifi Injiniya. Akwai tsari. Da shi ake raba gida, da shi ake raba mota, da shi ake zama a taro. A bi lebul. Babu son kai a ciki, babu gardama, kowa ya san nasa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, Malam Sanda da wutar nan yake numfashi."

"Allah ya ba shi lafiya, Hajiya. Ai maganar nan ta ranar da ba za ta zo ba ce. Kin ga girman batirin kuwa?"

"To in lebul za a bi, a sa nawa. Sha shida ne."

Akwai mutum takwas a wurin da na girme su a aiki, kuma duk sun sani. Alhaji Ismail ne ya cece su. Ya ce, "Hajiya, gida ai na maigida ne. Ba a taɓa yin haka ba."

Ba a taɓa yi ba. Da wannan kalma suka ci shekara talatin da biyar a ofis, da ita kuma suka rufe bakina. Yallaɓai ya ƙara da nasa gishirin: don kada wani ya je ta bayan fage ya roƙi Injiniya, a kulle tsarin, ba mai iya taɓa shi sai kwamiti ya cika kowa ya ɗora yatsa a kan na'urar. Aziza ta dube ni, ta dube su, ta ce haka suke so? Suka ce haka suke so.

Da na koma gida ina huci, Sanda ya yi dariya har robar hancinsa ta zame. Ya ce, "Ke dai Safara'u. Mutanen nan ko a kabari sai sun tambayi mala'iku ko an ware wa manya wuri. Bar su. Mu na ƙarshe ai mun saba."

Sharaɗin kamfanin shi ne a cire janareta daga kowane gida, wai ba ya jituwa da sabon layin. Yallaɓai ya mayar da abin biki, ya sa masa suna jana'izar janareta, ya gayyato masu kyamara. Na ja namu na ɓoye a bayan kicin na rufe da buhu. Ranar ce Yallaɓai ya fara sanin hanyar gidanmu. Ya tako da ƙafarsa har gangare, ya tsaya yana murmushi sai da aka zaƙulo janaretan aka ɗora shi a mota. Abin da na iya yi shi ne na sayi ƙaramar tukunyar iska na ajiye a gefen gado saboda ko-ta-kwana.

Rani ya wuce lafiya, ba zan yi ƙarya ba. Fanka ba ta tsaya ba, firji bai huce ba. Baƙi suka yi ta zuwa kallo daga Doka da Kurmin Mashi, har daga Abuja. Yallaɓai ya sayi mota mai caji, fara sol, ya riƙa jona ta a gaban gida inda kowa zai gani.

Sai marka ta sauka. Sama ta rufe kamar an kifa ƙwarya, kwana da kwanaki ba a ga ƙwayar rana ba, wutar gari kuma ta yi tafiyarta irin wadda ta saba. Na'ura ta fara aikin da aka koya mata. Mu ta fara ɗauke wa, na ɗan lokaci, ta dawo, ta sake ɗaukewa. Duk ɗaukewa sai in juya Sanda kan tukunya. Ranar Laraba da safe tukunyar ta ƙare, na ba ƙaninsa Yahya ya tafi da ita a a-kori-kurarsa ya ciko. Bai daɗe da fita ba ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Bayan azahar injin ya yi ƙara sau ɗaya, ya yi shiru.

Na kira Yahya, ya ce ruwa ya tare hanya ta wajen Kurmin Mashi, motoci sun yi cirko-cirko. Na kira Aziza. Ta ce, "Hajiya, wallahi ba ni da iko, sun kulle. Amma ki ji. In na sama suka rage abin da suke ja, na'urar za ta mayar wa na ƙasa, sai dai bi da bi take yi. Kafin ta iso gare ki sai duk wanda ke gabanki ya kashe babban makunnin gidansa."

Na leƙa waje. Kwata ta cika ta shafe gangaren, ruwa har gwiwa, ƙaramar mota ba ta isa ta sauko ba. Gidajen da ke kusa da mu duk duhu, su ma an sauke su. Can kan tudu kuwa fitilun ƙofar gida na ci da rana tsaka. Na ce wa 'yarmu Na'ima ta tayar da babanta zaune ta riƙa yi masa fifita. Sanda ya kama bakin mayafina, yana jan numfashi da ƙyar, ya ce, "Ki sa takalmi." Ban sa ba.

Gidan Alhaji Husaini na fara bugawa, shi ne na farko da na tarar da wuta, tsohon mataimakin darakta. Ya saurare ni har ƙarshe, fuskarsa cike da tausayi. Ya ce, "Innalillahi. Yallaɓai ya kashe nasa?"

"Ban kai can ba tukuna. Kai dai kashe naka."

"Hajiya, in na riga shi, ai kamar na nuna masa aikinsa bai yi ba ne. Ki fara daga sama. Yana kashewa, wallahi ni ne na farko."

Na dube shi. Tsoho ne mai jikoki, da furfura har a gira, yana tsoron kada a rubuta masa takardar tuhuma a ofishin da ya bari tun kafin jikokin su yi wayo. Ban tsaya zaginsa ba don ba ni da lokacin. Na haye tudu.

A gidan Yallaɓai farar motar na jone, 'yar fitilarta na ƙyaftawa, tana shan abin da mijina ke nema. Matarsa Hajiya Aminatu ta tare ni a baranda ta ce yana miting da Turawa ta kwamfuta, in ɗan jira. Na yi shekaru ina jira a ƙofar ofisoshin irinsu, na san yadda ake yi. Na ture ta na shiga.

Sanyin esi ya doke ni. Yana zaune da hula da babbar riga a gaban allon, bayansa hoton kwantenar nan mai koren fenti, yana zuba Turanci. Na ji abin da yake faɗa sarai, ai ni ma na yi makarantar. Yana cewa a unguwarsa an wuce zamanin da wani zai kwana a duhu maƙwabcinsa na da haske, yanzu wuta da kanta take neman mai bukata. Na tsaya a bayansa, zanena na ɗiga a kan kafet, ƙafata duk taɓo, yadda duk wanda ke cikin allon zai gan ni.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga mai bukatar ta zo da ƙafarta."

Ya rufe kwamfutar da sauri. Na gaya masa. In ba shi haƙƙinsa, ya firgita. Ya ɗauki waya ya ce yanzu zai sa a mayar da gidanmu sama. Sai ya tuna. Kwamiti bai cika ba, ma'aji ya tafi Umra da yatsansa. Ya tsaya riƙe da waya yana kallona kamar ni na kulle.

Na ce, "Kashe makunnin gidanka."

Bai san inda yake ba. Hajiya Aminatu ce ta nuna masa, a bayan ƙofar kicin. Esi ya yi shiru, motar ta daina ƙyafta ido. Ya ce bari ya kira sauran a waya, sai kuma ya tsaya yana tunanin ko ya dace Alhaji Ismail ne zai sanar da na ƙasa, tunda shi ne sakatare. Na bar shi yana wannan lissafin.

Haka na bi layin nan gida gida a cikin ruwa, daga sama zuwa ƙasa, yadda fayil ke bin tebur. Kowace ƙofa tambaya ɗaya: na gabana ya kashe? In ce ya kashe. Wani ma sai ya leƙa ya tabbatar da idonsa. Alhaji Ismail sai da ya sa aka kwashe naman firiza aka zuba a kula. Waɗanda aka mayar wa wuta a tsakiyar layi kuwa murna suka fara, yara na ihu, ana jona famfo da dutsen guga, sai na buga ƙofa na ce su kashe abin da yanzu aka ba su. Ba wanda ya ce mini a'a. Ina so a san wannan, duk layin nan ba mugu ko ɗaya. Rijiya ta bayar, guga ya hana, kuma su suka saƙa gugan da hannunsu suna tafa wa juna.

Ina shiga gida fanka na fara juyawa. Injin ya yi ƙara ya tashi. Na'ima na durƙushe a kan gado ta rungume kan babanta, ta daina fifitar, tana ta kiran sunan Allah. Yana da rai. Idonsa a buɗe, amma bai san ni ba. Da Yahya ya iso muka ɗauki Sanda zuwa asibiti, bai ƙara magana ba har Allah ya karɓi abinsa ranar Juma'a. Maganarsa ta ƙarshe a duniya ita ce in sa takalmi.

Na san kwana ne ya ƙare. Na yi imani da haka, ba sai an tuna mini ba. Amma an yi ta tuna mini, musamman daga kan tudu, kuma kowa sai ya haɗa da cewa ai a asibiti ya cika. Na ji an ce a wurin jana'iza sun tsaya a sahun gaba bisa tsarinsu, Yahya da ya wanke shi yana sahu na biyu.

Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka ragu, sai ga kwamiti. Ma'aji ya dawo, sun cika. Ina zaune a kan tabarma a falo cikin hijabin takaba, yayata Ladidi na gefena. Suka shigo ɗaya bayan ɗaya, Yallaɓai a gaba, ya zauna a kujerar Sanda, sauran suka bi kujeru yadda suka saba, Alhaji Husaini ya samu hannun kujera. Aka yi addu'a, aka shafa. Yallaɓai ya yi gyaran murya ya dubi Alhaji Ismail.

Alhaji Ismail ya ce, "Hajiya, kwamiti ya zauna a kan lamarinki. Mun duba, tunda yanzu ke ce shugabar gidan nan, lebul ɗinki ne zai yi aiki. Sha shida. Kowa ya ɗora yatsa jiya. Gidan nan ya koma na uku a duk layin." Ya yi murmushi. "In sha Allahu ke da ɗaukewar wuta har abada."

Suka gyaɗa kai gaba ɗaya. Wallahi jira suke in yi godiya. Ladidi ta danne mini gwiwa da hannunta, don ta san ni.

Na tashi na shiga ɗaki, na yaye zanen da na rufe injin da shi, na turo shi a kan tayoyinsa har tsakiyar falo, na jona a bango. Ya yi ƙara ya tashi. Na warware siririyar robar na ɗora ta a hannun kujerar da Yallaɓai ke zaune, daidai inda Sanda ke ajiye ta in zai sha ruwa. Na koma kan tabarmata.

Injin ya yi ta aikinsa, ya zuƙa ya hura, ya zuƙa ya hura, iskar na fita ta bakin robar tana kaɗa hannun babbar rigar Yallaɓai. Ya ƙura wa kafet ido. Alhaji Ismail ya dubi Yallaɓai. Na ukun ya dubi Alhaji Ismail. Alhaji Husaini ya ɗan motsa a kan hannun kujera kamar zai miƙe, ya tuna, ya koma ya zauna. Ba mai tashi sai Yallaɓai ya tashi, Yallaɓai kuma ya kasa ɗaga kai.

Aka kira la'asar a masallacin layi suna nan zaune. Ladidi ta raɗa mini cewa in kashe haka nan, ya isa.

Na ce, "Bar shi, Yaya. Ai akwai wuta."